Randar da Ta Ƙi Yin Gumi

To, ku gyara zama. Na baya ku daina mintsinin juna, ina ganinku, idona ɗaya ya fi naku biyu.

Akwai wani mutum a wani ƙauye. Ba zan faɗi sunansa ba, don jikokinsa suna nan cikinku, wasu har da hancinsa. Mutanen garin dai Na-Birni suke ce masa, saboda ya yi shekara ashirin yana gadin wani shagon kwanukan tangaran a birni. Da aka sallame shi ya dawo gida da akwati ɗaya, mace ɗaya, 'ya'ya huɗu, da zuciya wadda ko ƙuda ya sauka a kanta sai ta tafasa. Gona babu, tuni ya sayar. Rumbunsa kuwa, ɓera ya leƙa ya fito yana Allah wadai.

Yana da gwaggo, yayar ubansa, ana kiranta Gwaggo Damaris. Maginiyar tukwane ce, kuma duk ƙasar nan an san randarta. Ta ga yaran suna ramewa, sai ta kira shi.

Ta ce, "Zo ka koyi yumɓu, ɗan nan. Ba ya sa mutum ya yi arziki, amma ba ya barinsa ya kwana da yunwa."

Ranar farko ta miƙa masa kwando, ta ce ya je ya tsinto busasshen kashin jaki. Shi ake dakawa a kwaɓa da yumɓun randa.

Na-Birni ya dubi kwandon, ya dube ta. Ya ce, "Gwaggo, ni? Ni da na shekara ashirin cikin tangaran na Turai?"

Ta ce, "A ciki ka ci, ko gadinsa ka yi?"

Ya tafi yana huci kamar kububuwa. Ya tsinto, amma bai yafe ba.

Wata uku yana koyo. Tukunyarsa ta farko bakinta ya karkace kamar na mai ciwon haƙori. Ta biyu gindinta ya ƙi zama. Abu ɗaya kawai ya shiga ransa a sana'ar, shi ne makuba. Kun san ta: ɓawon ɗorawa ake tafasawa, in an zaro tukunyar miya daga wuta tana ja wur, sai a yayyafa mata ruwan da damin ganye. Ta yi cuu, ta yi baƙi, ta ɗauki ƙyalli. Na-Birni ya ga haka, ya ce yanzu aka zo wurin aiki.

Ya ce, "Gwaggo, don me ba kya yi wa randa haka? Kin bar su ja, jiki duk kaushi kamar bayan kada."

Ta ce, "Randa ba a yi mata. Zauna in gaya maka dalili."

Ya ce, "Na san dalili. Ƙauyanci ne."

Gwaggo ta koma kan yumɓunta. Wanda ya ƙi zama, da me za ka zaunar da shi?

Rannan ya gina wata 'yar randa. Gwaggo ta taɓa ta ji gefe ɗaya kauri, gefe ɗaya kamar takarda, sai ta dunƙule ta ta mayar cikin yumɓu, yadda ake yi wa kowane ɗan koyo. Ai kuwa sai garin ya kama da wuta. Na-Birni ya yi ta zuba har maƙwabta suka cika ƙofar gida.

Ya ce, "Baƙin ciki kike yi, kin ga zan fi ki! Jama'a ku zama shaida. Nan da kasuwa huɗu zan ajiye randata kusa da tata. In ba a sayi tawa kafin tata ba, na rantse hannuna ya bar yumɓu har abada."

Da ya koma gida matarsa ta ce, "Maigida, in ka bar yumɓun, me za mu ci?"

Ya ce, "Ke ma kina bayanta ke nan?"

Ta ce, "Ina bayan tukunyar tuwo ne."

Ya shiga aiki shi kaɗai a bayan ɗakinsa. Kashin jaki ya ce ko kusa, garin tsingaro kawai ya zuba. Ya gina randa biyar. Ya bi su da dutse mai santsi yana goga, yana goga, har yatsunsa suka yi kanta. Ya tara kara da itace ya cinna wuta. Uku suka fashe a ciki, tau, tau, tau. Ya ce iska ce. Ta huɗu ta fito da tsaga daga baki har gindi. Ya ce matarsa ce ta yi tari lokacin da bai kamata ba. Ta biyar kuwa ta fito lafiya lau. Ya bi ta da makuba ciki da waje, ya sake, ya kuma sakewa. Ƙyallin da ta yi, zakaran gidan ya ga kansa a jikinta ya yini yana dambe da ita. Kada ku dube ni haka, ni na raba su.

Ranar kasuwa ya ɗora ta a kai ya kai layin masu tukwane, ya dire ta daidai gefen ta Gwaggo. Ta Gwaggo ja ce, mai kaushi, an cika ta da ruwa tun safe, jikinta duk ya jiƙe, har ƙasan gindinta ya yi danshi.

Na-Birni ya ɗaga murya don kowa ya ji. "Ku dubi wannan, tana yoyo kamar hancin mai mura. Ruwa za ka saya mata ko ita za ta riƙe maka?"

Gwaggo tana cin goronta, ko kallonsa ba ta yi ba.

Mutane suka taru a kan tasa, ana shafawa, ana duba fuska a ciki. Can sai ga Kande mai tuwo, wadda ke da rumfa a tasha, tana neman randar da direbobi za su riƙa shan ruwa. Ta ƙwanƙwasa ta Na-Birni da bayan yatsa, ta yi ƙara rau, babu tsaga. Zuciyarsa ta yi fari. Ya ga tuwo a gidansa, ya ga Gwaggo ta sunkuyar da kai.

Kande ta ce, "Kyau kam akwai. Amma ni ba ado zan kai tasha ba. A zubar da ruwan randar tsohuwa, a cika su biyun daga rijiya ɗaya. In rana ta take zan dawo."

Aka kira mai ga-ruwa ya cika su. Na-Birni ya tsaya a kan tasa yana korar ƙuda, yana harara. Rana ta take, ƙasa tana ƙuna. Kande ta dawo da moɗa a hannu. Ta ɗebi na Gwaggo ta kai baki, ta lumshe ido, ta shanye, ta ƙara. Ta ɗebi na Na-Birni, ta kurɓa, ta furzar.

Ta ce, "Malam, wannan ai na wankan jego ne, ganye kawai ya rage. In na ba direba wannan, gobe a tashi rumfata."

Kasuwa ta kwashe da dariya. Kande ta sa aka ɗora mata ta Gwaggo.

Idon Na-Birni ya rufe. Ya waiga ya ga turken da ake ɗaure jakuna, ya tumɓuke shi, ya sauke wa randarsa sau ɗaya. Aikin kasuwa huɗu ya tarwatse, ruwan ɗumi ya bi ƙafafunsa.

Sai wata mata da ke tsaye a gefe tun ɗazu, mai sayar da man gyaɗa, ta riƙe baki. Ta ce, "Bawan Allah, me ka yi haka? Jira nake a gama a zubar da ruwan in saye ta. Mai ba ya son tukunya mai gumi, irin wannan na daɗe ina nema."

Turken ya faɗi daga hannunsa. Ya zauna a ƙasa cikin caɓi.

Gwaggo ta ce, "Yau ka zauna? To ji abin da ka hana ni faɗa. Wuta tana cinye kashin jakin nan ta bar 'yan ƙofofi da ido ba ya gani. Ta nan randa take gumi. Iska ta sha wanda ya fito, na ciki ya yi sanyi. Kai kuwa ka toshe ta da makuba, ko ɗigo ba ta bayarwa. Ina za ta sami sanyi?"

Ya ce, "Gwaggo, na riga na rantse."

Ta ce, "Na ji. Ubanka ma ya sha rantsuwa ba zai ƙara cin tuwona ba, kuma a kwanona ya tsufa. Rantsuwar fushi tuba ake yi a kanta, ba yunwa ake sa yara ba. Kwashe tsingaron nan, za mu daka mu zuba a sabon yumɓu. Gobe kwando biyu nake so."

Washegari aka gan shi a bayan gari da kwando, yana zagin jakuna, yana tsinta.

To, ga abin da misalin nan yake nufi, kuma ku buɗe kunne don raina a ɓace yake. Randa kai ne, ke ce. Ruwan da ke ciki alherin da Ubangiji ya zuba muku ne, daga rijiya ɗaya da kowa. Makuba kuwa girman kai ne. Ina ganin wasu ran Lahadi, an sha guga, an sha turare, ana ƙyalli a kujerar gaba, waƙa ta fi ta kowa ƙarfi. Je ka gidansa ka gani. Ba ya bayarwa, ba ya yafewa, ba ya cewa "na yi kuskure". Komai ya toshe a ciki yana tafasa. Matarsa ta zo da ƙishi ta sha zafi, yaransa su sha zafi, maƙwabci ya kurɓa ya furzar. Sannan ya ce mutane ba su san abu mai kyau ba. Ƙarya yake yi, sun sani, sun ɗanɗana ne.

Kashin jaki shi ne ɗan aikin da kake raina: sharar coci, ban haƙuri, zama ka ji magana daga bakin wanda kake ganin ka fi. Shi yake buɗe maka ƙofofi. Ai randa tana hasarar ruwa kaɗan, haka ne, amma da wannan hasarar take sayen sanyi. Turke kuma fushi ne. Ku lura, dariyar kasuwa ba ta fasa randar nan ba, mai ita ne ya fasa, mai saye tana tsaye a bayansa. Amma Allah kamar Gwaggo yake, ba ya zubar da tsingaro. In ka yarda ka zauna, zai daka ka ya sake gini.

Yau in kun koma gida ku tambayi waɗanda ke sha a wurinku kullum, sanyi suke ji ko ɗumi. Ni na tambayi matata shekaranjiya, har yanzu ba ta gama dariya ba. Ku ma ku tambaya, ku zauna ku ji amsar har ƙarshe, hannunku nesa da turke.