Kurege da Ruwan Wankin Allo

To ku matso, ku daina ture juna. Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta, Yaya!

Wai a wani daji akwai rijiya guda da ba ta ƙafewa, Malam Kunkuru kaɗai ya san hanyarta. Da tsufa ya kama shi, sai ya kira Kurege da Bushiya, ya ce, "Ƙafa ta daina kai ni. Ku kawo allo in ba ku hanyar kafin rani."

Ran farko ya rubuta musu: daga tsagaggiyar kuka a yi gabas. Bushiya ta karanta, ta kife allo, ta faɗa da ka. Ta yi kuskure, ta buɗe, ta sake. Kurege kuwa ya zagaya bayan zaure, ya wanke allonsa a ƙwarya, ya shanye.

"Malam, a ƙara mini!"

"Har ka riƙe?"

"Yana ciki, Allah gafarta Malam." Ya buga tumbi. Malam ya ji daɗin ɗalibi mai sauri, bai ce biya in ji ba.

Rana ta biyu: a dutse mai kama da turmi a bi hagu. Bushiya ta haɗa da na jiya, tana biyawa tana shara. Kurege ya wanke, ya shanye.

"Ke Bushiya, gunguni kike kamar mai ciwon haƙori. Ni har na gama."

"Sannu, Alaramma."

Rana ta uku: bayan tsamiya uku, rijiya na ƙarƙashin faifan dutse. Bushiya ta koma gida ta koya wa ƙanwarta duka. Kurege ya shanye, ya yi gyatsa.

Rani ya zo, tafki ya ƙafe. Matar Kurege ta ce, "Maigida, yaran nan tun jiya ba su sha ruwa ba."

"Kawo gora. Hanyar tana cikina."

Ya isa gindin kuka, ya miƙe kan ƙafa biyu, ya dafe ciki.

"Karatu, fito!"

Ciki ya ce ƙululu.

"Fito mana, gabas ko yamma?"

Ƙululu.

"Don Allah, 'ya'yana na jira!"



Sai ga Bushiya da tulu cike.

"Alaramma, me ake tsaye a rana?"

Kurege ya sunkuyar da kai. "Babbar yaya, karatun ya ƙi fitowa."

Ta cika masa gora, ya ruga ya kai wa yara, ya dawo. Ta ce, "Ruwan gobe kai za ka ɗebo. Zan faɗa, ka faɗa. In na yi shiru, ka faɗa kai kaɗai."

Suka tafi, tana faɗa yana maimaitawa. Ya ɓace sau biyu, ta mayar da shi gindin kuka. A na uku ya kai kansa rijiya.

Da Malam Kunkuru ya ji, ya ce, "Rabin laifin nawa ne." Daga ranar bai ƙara wa ɗalibi sabon karatu ba sai ya ji na jiya daga bakinsa.

Shi ya sa har yau in kun ga kurege a gona, zai miƙe tsaye, hannu a ciki, yana dube-dube. Sauran karatun da ya shanye yake jira. Ku kuwa, in kun karanta, ku rufe littafin ku faɗa da ka. Abin da kuka iya faɗa shi ne naku.

Ƙurunƙus! Ta ƙare a nan, kan ɓera ya ɗauki sauran.