Kyamarar Tsakar Gida

Akwai wani ma'aikacin gwamnati a Kazaure mai suna Abdulnasir, irin mutanen nan ne masu son a ce su suka fara. Da ya jawo intanet gidansa, sai ya sa aka kafa masa kyamarori huɗu. Ɗaya tana kallon tsakar gida, inda mahaifiyarsa Hajiya Mairo take wuni.

Matarsa Nafisat kwamfuta ta karanta kafin aure. Ta zaƙulo tsohuwar kwamfutarta daga ƙarƙashin gado, ta karkaɗe ta, ta ƙara mata wurin soka kebul na biyu, ta ɗora mata manhajar tsaro da ake ce wa fayawol. Kebul ɗaya ya shigo daga rauta, wato akwatin da ke kawo intanet, ɗaya ya wuce zuwa na'urorin gidan. Kwana uku tana fama, ga goyo a baya.

Ta ce, "Baban Zara, wannan ita ce zauren gidanmu. Duk mai shigowa ta intanet a nan zai tsaya. Wanda ba mu sani ba, ba ya wucewa."

Ya yi dariya. "Wannan akwalar? Ji ƙarar fankarta don Allah."

Ana nan aka tura shi aiki Babura. Bayan la'asar, ana zaune a majalisa, ya zaro waya zai nuna wa abokan aiki yadda yake kallon gidansa daga nesa. Kyamara ta ce ba ta san zancen ba. Aka yi ta yi masa tsiya.

Ya dawo gida a fusace. Nafisat ta ce, "Ka yi haƙuri zuwa gobe, zan buɗe wa wayarka hanya ita kaɗai. Ka ga har yanzu lambar sirrin kyamarorin ta kamfani ce, ba a canja ba."

"Ke za ki koya min fasaha?"

Kun dai san girman kai rawanin tsiya ne. Ya fizge kebul, ya kai kwamfutar sito ya ɗora kan buhun gero. Ya kira mai kafa kyamara ya buɗe masa kyamarorin, ta yadda za a gani daga ko'ina, lambar sirrin kuwa ba a canja ba. Haka ya yi ta nuna wa mutane, yana jin daɗi.

Bayan mako uku sai ga Musaddiƙ, ɗan kawunsa da ke koyarwa a Roni, ya sauka daga acaɓa. Ko ruwa bai sha ba.

"Yaya, zo mu ɗan keɓe."

Ya miƙa masa waya. Wani bidiyo ne ke yawo a gurup-gurup. Hajiya ce zaune kan tabarma da ɗaurin ƙirji, kai ba ɗankwali, Nafisat tana tsefe mata furfura. A ƙasa, 'yan iska sai dariya suke rubutawa. Matar da shekara arba'in wani namijin waje bai taɓa ganin gashinta ba.

Wallahi Abdulnasir ji ya yi kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ba ɓarawo ne ya hauro ba, shi ya buɗe da hannunsa. Ya kasa haɗa ido da Musaddiƙ.

Da kansa ya kinkimo kwamfutar daga sito, ya ajiye gaban matarsa. Ya ce, "Ki taimake ni ki mayar. Na yi wauta."

Ba ta goranta masa ba. Kafin magariba ta haɗa komai, ta canja lambobin sirri. Shi kuma ya hau tsani ya kwance kyamarar tsakar gidan.

Sai dai magana ta riga ta kai kunnen Hajiya, a gidan suna mata suka faɗa mata. Ya durƙusa gabanta yana neman gafara. Ba ta yi faɗa ba, ta ce kawai, "Allah ya rufa mana asiri." Da ma dukansa ta yi, da ya fi masa sauƙi.

Tun daga ranar, ko a tsakiyar zafin bazara, da hijabi take zama a tsakar gida. Gumi na tsiyaya, tana fifita da mafici.

Rannan ya ce, "Hajiya, an cire ta fa. Ba mai ganin ki."

Ta ce, "Na sani. Bar ni haka dai."

Darasi: Kada ka raina ilimi don a bakin matarka ya fito, ko don tsohon abu aka yi amfani da shi. Na'ura tana gyaruwa, amma sirrin iyali in ya fita ba ya dawowa. Tura wa 'yan'uwa, musamman masu kyamara a gida, su duba nasu tun yau.