Bushiya da Saiwar Agugu

Ku matso, yara. Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, Inna.

An yi wata Bushiya da ta kwana bakwai da damuwa a ranta. 'Yarta ta fari, Tasalla, tsila ta kama cikinta, tana ci tana ramewa. Kun dai sani, uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta kuma nuna ta damu da shi a gaban mutane.

Ta je wurin Kunkuru mai magani, ta tarar zaurensa cike. Ta ce tana neman maganin tsila. Ya ce, "Saiwar agugu ce. Wa ke ciwon?"

Bushiya ta sunkuyar da kai. Ya sake tambaya. Sai ta juya da gudu, ba ta tsaya ta ji kamannin tsiron ba.

Kurege ya biyo ta. "Baba, agugu? Ai a ƙofar gidana yake fitowa! Ba ni gyaɗa."

Ya kawo ganyen tsamiya. Ta dafa, yarinya ta sha, ba sauƙi.

Ya ce, "Ashe macen na tsinko. Ƙaro gyaɗa." Ya kawo na ɗorawa. Ta dafa, yarinya ta sha, ba sauƙi.

Na uku ya kawo bagaruwa. Yarinya ta sha, ta kasa tashi.

Wayyo! Bushiya ta koma zauren nan, mutane sun fi na da yawa. Ta ce, "Malam, Tasalla ce. 'Yata Tasalla."

Mata suka rufe baki da mayafi. Wata ta ce, "Oh ni, yau mun ji abin da ba mu taɓa ji ba!"

Kunkuru ya ce, "Ku yi mana shiru. Ke kuma buɗe kunne. Agugu ba ya fitowa a saura. Ki yi kudu, ki shiga kurmi, inda rana ba ta taɓa ƙasa, ki bi bakin rafi. Ba ya fure, ba ya 'ya'ya. Sabon ganyensa a naɗe yake kamar wutsiyar hawainiya. Ki juya tsohon ganye, za ki ga ɗigo-ɗigo ruwan ƙasa a bayansa."

Ta yi tafiya, ta yi tafiya, har ta shiga kurmi, ruwa na ɗiga daga itatuwa. Ta ga wani tsiro, ta duba, ga fure. Ta wuce. Ta ga wani, ta juya ganye, bayansa fes. Ta wuce. Can jikin wani jiƙaƙƙen dutse ta ga wutsiyar hawainiya. Ta juya ganye, ga ɗigo-ɗigo. Ta tona saiwa tana hawaye.

Ta koma gida ta dafa, Tasalla ta sha, tsila ta fita, ta nemi tuwo.

Kurege kuwa, gari ya kama shi, aka ɗura masa sauran ruwan bagaruwar duka. Shi ya sa har yau yake tsayuwa da ƙafa biyu riƙe da ciki.

Amma Bushiya, da ta fito sai mata su ce, "Ga mai kiran suna!" Sai ta dunƙule ta ɓoye fuska. Ba kunyar sunan take ji ba. Kunyar kwanakin da ta bar 'yarta tana shan bagaruwa take ji.

Kun ji, yara, in rai na cikin haɗari, a buɗe baki a tambaya. Ni ma da na haife ku, in babbar yayarku ta kwanta ciwo, ku gaya mini, in yi shiru ko in kira sunanta?

Ƙurunƙus, tatsuniya ta koma kurmi.