Sulallan da ke Ƙarƙashin Katanga

An yi wani mutum a wani ƙauye cikin duwatsun Potosi, can wata ƙasa mai nisa. Malamin makaranta ne. Ran Asabar yakan ɗauki na'urar gano ƙarfe ya shiga tsofaffin gonaki. Cikin shekara ashirin ya tara sulallan azurfa ɗari huɗu da sha biyu, irin waɗanda aka buga da guduma tun kaka da kakanni. Bai taɓa sayar da ko ɗaya ba.

Matarsa Eulalia takan ce, "Tsoho, da ni azurfa ce da ka riƙa goge ni kullum."

A gangaren da ke saman gidansa akwai katangar dutse da ke riƙe da gonar dankalin gari. Magina na dā sukan sa sule ƙarƙashin dutsen tushe, duk taku goma, don neman albarka. Kowa ya sani, ba wanda ya taɓa.

Wata Asabar ya bi gindin katangar, na'urar ta yi ƙara. Ya zare dutse guda. Sulen da ya fito kamar jiya aka buga shi. Ya daɗe yana kallonsa.

Don Cipriano, tsohon maginin garin, ya same shi a durƙushe.

"Malam, addu'a kake yi ko haƙa? Dutsen da ya kwana shekara ɗari uku, in ka tashe shi, ba ya komawa barci."

Malamin ya rantse ba zai ƙara ba. Kafin damina ya zare sulalla goma sha bakwai. Kowane dutse yakan mayar da shi ya shafe da laka.

Ya 'yan uwa, laka tana rufe idon mutum. Tana rufe wa ruwa hanya?

A watan Janairu, tsakiyar daminarsu, aka yi kwana shida ana ruwa. Ran Lahadi da hantsi, jama'a na coci, suka ji ƙasa ta yi nishi. Da suka fito, katanga da gonar dankali sun sauko sun zauna a kan gida ɗaya tak. Nasa. Ko kaza ba ta mutu ba.

Eulalia ta ga laka sabuwa a jikin duwatsun tushe. Ta gane aikin mijinta ne, ta koma gidan ƙanenta.

Har yau malamin yana yawo a kan tudun da ya binne gidansa, da na'urar aro. Ko'ina ya ɗora ta sai ta yi ƙara: kwanon rufi, ƙusa, tukwanen Eulalia. Sule ko ɗaya bai fito ba.

Ya 'yan uwa, ɗari huɗu da sha biyu halal ne. Sha bakwai na amana suka ja su ƙasa. Abin da ke riƙe da kai, kada ka haƙa gindinsa.

Allah ya kiyaye mu da kwaɗayin hannunmu. Amin.