Ranar da Madubi Ya Fitar da Kujerun Dattawa

Yayana, sunan da kowa ya san shi da shi a layinmu shi ne Madubi. Abokansa ne suka laƙaba masa, kuma wallahi ba su zalunce shi ba. Mutumin nan ba ya wuce mota a ajiye bai tsaya ya gyara wuyan riga a gilashinta ba. Ko cokali ka ba shi sai ya juya bayansa ya duba haƙoransa. Yana da kirki fa, kar ku ce na zo ɓata shi, ba ya rowa, ba ya faɗa da kowa. Matsalarsa guda ce tak. A ganinsa duk wanda ya kalle shi ya so shi, duk wanda ya so shi kuma zai bi shi duk inda ya sa gaba.

A wani babban shagon sayar da wayoyi yake aiki. Daga nan ya fara ɗan bidiyo, yau ya nuna sabuwar waya, gobe ya nuna agogon da ya dace da wane takalmi, kafin ka ce me mabiya sun taru masa a intanet. In muka fita tare sai an tsayar da mu a hanya an yi hoto, ni kuma a miƙo min waya in ɗauka. To tun daga nan kai ya fara kumbura.

Gidanmu kuma gidan jam'iyya ne tun kafin a haife mu. Jam'iyyar nan ta 'yan mazan jiya, wadda samarin unguwa ke kira jam'iyyar masu hawan jini. Su ba sa son sauyi na gaggawa. Komai a bi a hankali, a girmama na gaba, kar a taɓa abin da aka tarar sai da dalili. Marigayi Babanmu a cikinta ya tsufa, Mama har yau ba ta fashin taro, mu ma muna kai shekarun zaɓe ta sa aka yi mana kati. Ni nakan je jifa-jifa, don gaskiya ina jin daɗin gardamar tsofaffin nan. Madubi kuwa ko ƙofar ofishin jam'iyyar bai taɓa leƙawa ba.

A zaɓen da ya wuce jam'iyyar ta sha kaye a mazaɓarmu, kaye mai ban kunya, kuma kowa ya san dalili, matasa ne suka juya mata baya. Da aka fara maganar kujerar kansila, sai Madubi ya shigo gida wata rana ya ce shi zai nema. Mama ta ɗauka wasa yake. Sai ya ce ai har ya ajiye aiki, don ba ya so a ga ɗan takara tsaye bayan kanta yana liƙa wa mutane gilashin waya. Mama ta ce tunda ya riga ya yanke, to ya buɗe kunne. Kafin babban zaɓe akwai na cikin gida, masu kati kaɗai ke ɗaga hannu, kuma yawancinsu sun haife shi. Ya bi su gida gida ya gaishe su, ya zauna ya sha shayinsu, ya saurari labarin ciwon gwiwarsu. Ba su da wani yawa, ba abin da zai ci masa lokaci ba ne.

Ya ce to. Kun san irin to ɗin nan da ake faɗa ido yana kan waya.

Mutum ɗaya ya je wa, Baba Ciyaman, shugaban jam'iyya na mazaɓa, tsohon direban babbar mota ne, mai magana ɗaya ɗaya kamar yana sauya giyar mota. Ya karɓe shi hannu bibbiyu, har ya ce jam'iyya tana buƙatar irinsu. Shi ke nan, Madubi ya dawo gida yana cewa an gama. Da aka ce masa akwai wani mai nema, Mai Kemis na bakin kasuwa, dariya ya yi har da riƙe ciki. Mai Kemis mutum ne da ya haura arba'in, rigarsa kullum kamar a cikinta ya kwana, in yana jawabi sai hamma ta kama ka. Madubi ya ce wannan ko hoton fasfo ba ya yi masa kyau.

Maimakon gaisuwar da Mama ta ce, sai ya karɓi lambobin dattawan ya dinga tura musu bidiyo. Rabinsu ƙaramar waya ce mai madannai a hannunsu, ko hoto ba ta buɗewa. Fastarsa kuma, fuskarsa ta cinye takardar duka, alamar jam'iyya tana can lungu sai ka matso da ido, wai kalarta ba ta shiga da kwat ɗinsa ba. Ranar da na ga fastar na kasa haƙuri.

Na ce, "Yaya, mutanen nan fa ba a waya suke zaɓe ba."

Ya ce, "Auta, ke ba ki gane siyasar yanzu ba. Wa suke da shi? In suka ga taron da ke bayana, da ƙafarsu za su kawo min takarar har ɗaki."

Abin da ya fi ba ni haushi, rabin maganarsa gaskiya ce. Ba su da wani da matasa za su waiwaya su kalla. Amma ya riƙe rabin nan ya ƙi jin ɗaya rabin.

Yanzu bari in gaya muku yadda ofishin jam'iyyar yake, don a nan abin ya lalace. Wani tsohon shago ne mai faɗi a bayan tashar mota, da fanka ɗaya mai ƙara, da ɗan fili a baya inda ake tara shara. Lokacin da aka kama shi jam'iyya ba ta da ko benci, sai aka ce kowa ya kawo abin zamansa daga gida. Haka kuwa aka yi, kuma haka abin ya zauna har yau. Ba kujeru biyu masu kama da juna a ɗakin nan. Akwai ta katako mai hannu, akwai ta ƙarfe da aka ɗaure da waya, akwai kujerar mota sukutum da Baba Ciyaman ya cire daga motarsa ta ƙarshe. Kowa ya san tasa, ba mai zama a ta wani. In mutum ya rasu ba a ɗaga tasa, tana nan a wurinta. Ku da kuke ji za ku ce tarkace ne, kuma a ido tarkacen ne. Amma su in suka shiga ɗakin nan, duk wanda aka yi tafiyar da shi suna ganinsa.

Ana gobe zaɓen cikin gida, Madubi ya je wajen sakatare ya ce a ba shi mukulli, zai sa a share ofis a yi masa fenti, gudummawarsa ke nan. Bawan Allah ya ji daɗi, har da sa masa albarka. Madubi bai gaya wa kowa a gida abin da ya shirya ba. Ni ma sai da safe da muka iso da Mama na gani.

Tun daga bakin titi muke jin kiɗa. Muna shiga na ga an yi fenti fari fat, an jera fararen kujerun roba na haya layi layi, an kafa fitilun ɗaukar bidiyo, bango guda kuma hoton Madubi ne daga sama har ƙasa yana murmushi. Samari da 'yan mata sun cika ɗakin maƙil, kowa ya ci ado, kowa waya a sama. Gaskiya wurin ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Mama ta tsaya a ƙofa tana dube-dube. Ta ce min ina kujerarta. Ban sani ba. Wani mai kyamara ya matso ya ce don Allah Mama a ɗan koma gefe, ana ɗauka ne, kuma an ce layin gaba na matasa ne saboda hoto ya fita.

Muka zagaya baya. A filin sharar nan muka same su. An jibge kujerun a kan juna kamar itacen wuta, ta ƙarfe a kan ta katako, wata ƙafa a sama, wata ta karye. Dattawa suna tsaye sun zagaye tsibin. Wani tsohon tela da ba ya gani sosai yana lalube da hannu yana neman tasa. Wata tsohuwa ta ciro ta mijinta da ya rasu bara, tana goge mata ƙura da gefen mayafi.

Na ɗauka za a yi rigima. Ko kusa. Baba Ciyaman ya iso, ya kalli tsibin, ya leƙa ɗakin ta taga, ya dawo. Ya ja kujerar motarsa da kansa zuwa inuwar katanga ya zauna. Ya ce kowa ya ɗauki tasa. Ya ce taron jam'iyya inda 'yan jam'iyya suke nan yake, tunda nan aka ajiye su, to nan za a yi. Mai Kemis ya cire hula ya shiga ɗauko wa mutane kujeru, wadda ta karye ya samo bulo ya tokare ta.

Na ruga ciki in kira Madubi. Yana kan dandamali, makirfo a hannu, ana watsa shi kai tsaye. Yana cewa lokacin matasa ya yi, ɗakin yana amsawa. Na ɗaga masa hannu, ya ɗago min nasa wai gaisuwa. Na yi masa alama ya fito, ya kashe min ido. Na kira wayarsa, ashe ita ce a kan sanda ake ɗaukarsa da ita. Sai da na kutsa har gaba na ja masa ƙafar wando sannan ya sunkuyo, na ce masa a kunne ana zaɓe a bayan gida.

Lokacin da ya fito, sakatare ya riga ya gama duba katin kowa. Madubi ya tsaya da kwat ɗinsa da hodar da aka shafa masa saboda fitila, yana kallon tsofaffi zaune a kan kujerunsu kusa da shara. Ya fara cewa ai na ɗan lokaci ne, da an gama za a mayar, don wurin ya yi kyau ne a idon duniya. Baba Ciyaman ya ce ya ji, ya samu wuri ya tsaya.

Aka kira sunan Madubi. Na ɗaga hannu. Mama ta ɗaga nata, kanta a sunkuye. Sai wasu tsiraru da suka yi zaman mutunci da Babanmu. Aka kira Mai Kemis, hannuwa suka tashi kamar an haɗa baki. Shi kansa Mai Kemis ɗin sai waige-waige yake kamar wanda aka kira da sunan wani.

Ga inda nake so ku ji da kyau. Da aka tashi, Baba Ciyaman ya yafito Madubi, ina tsaye a wurin. Ya ce masa tun satin da ya wuce dattawa suka zauna suka yanke shi za a ba. Har sun roƙi Mai Kemis ya janye, ya kuma yarda, yau da niyyar sanar da janyewar ya fito daga gida.

Ya ce, "Mun san mun tsufa, ɗana. Mun san fuskarka za ta kawo mana yaran da tamu ba za ta kawo ba, shi ya sa muka so ka. Amma tun ba ka hau ba ka kai mu bayan gida. In ka hau ina za ka kai mu?"

Madubi ya ce a yi haƙuri, a sake, zai mayar da komai yanzu da hannunsa. Baba Ciyaman ya ce kujeru dai a mayar, zaɓe kuwa an yi. A ciki har lokacin kiɗa ake, ba wanda ya san an gama. Wani yaro ya leƙo ta taga yana tambaya wai yaushe za a fara zaɓen, cajinsa ya kusa ƙarewa.

Da ya koma shagon wayoyi neman aikinsa, ya tarar an ɗauki wani. A gida ya yi kwanaki ba ya fita. Wata rana muna zaune, ya ce wa Mama ko ba komai ya gode, ita dai ta tsaya masa a gaban mutane. Mama tana ninke wanki, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Ta ce, "Don na haife ka na ɗaga hannu. Da ɗan wata ne, da Mai Kemis zan zaɓa."

Darasin da nake so mu ɗauka, musamman mu matasa, shi ne wannan. Kar wani ya ce muku kyan fuska da farin jini wajen matasa ba su da amfani a jam'iyyar dattawa. Suna da shi, su ne ma suka sa aka buɗe wa yayana ƙofa. Amma iyakar aikinsu ke nan, su sa a kalle ka. Masu ɗaga hannu abin da suke aunawa daban ne, suna so su ga yadda za ka riƙe su da abin da suke girmamawa, ko da a idonka tarkace ne. In kana neman abu a hannun mutane, ka je inda suke, ka zauna ka san su, ka tambaya kafin ka taɓa kayansu. Masu tafa maka a waya ba lallai su ne masu zaɓenka ba, kuma wanda ya raina masu zaɓensa don ya burge masu kallo, zai tashi ba ko ɗaya a hannunsa.