Gerona a Cikin Malam Ilu

Shekarar da fara ta sauka mana, na rasa geron gonar da marigayi mijina ya bar mini kaf. Abin da na samu shi ne ƙwarya guda ta soyayyiyar fara.

Gwamnati ta turo Malam Ilu rabon tallafi. Ya ce, "Iya Lantana, doka ce. Sai kin kawo geron da kika yi asara na auna."

"Geron da babu?"

"In babu, me zan auna?"

Washegari na dire masa ƙwaryar, ta sha yaji da ƙuli. Yana surutu yana jefawa a baki, har ya ga gindin ƙwarya.

Ya ce, "To, ina geron?"

"Ɗan nan, wa ya cinye gerona?"

"Fara."

"Wa ya cinye farar?"

Jama'a suka kwashe da dariya.

Na ce, "Gerona yana cikinka ke nan. Hau sikelin, nauyinka za a ba ni."

Mutum ne mai tumbi. Ya share baki ya ce, "Buhu ɗaya."

"Haba Malam! Kai ɗin ne buhu ɗaya? Kada ka raina kanka."

Buhu biyu na karɓa, da irin shuka, ya kuma biya ni ƙulina.