Shawarar Da Ta Koma Gida

An yi wani mutum a wani gari da ake kira San Fernando, ranar da sakamakon jarrabawar shiga sakandare ya fito, aka jiyo shi yana yi wa matarsa tsawa, 'yarsu Sherifa tana kuka a bayan ƙofa. Yarinyar ta ci maki fiye da yadda kowa ya zata, amma an tura ta wata makaranta mai nisa, sai an hau mota biyu.

"Ina makarantar 'yan mata ta kan tudu? Ba ita na ce ki sa a farko a takardar zaɓi ba?"

Matar, Nafeeza, ta ce, "Na cire ta, Baban Sherifa. Shafinku ne ya ce ana sayar da ƙwaya a bayan katangarta. In ban yarda da shafin mijina ba, da na wa zan yarda?"

Ya 'yan uwa, ga yadda aka yi. Su uku ne suka buɗe shafi a intanet don yi wa iyaye jagora wajen zaɓen makaranta: shi, da Anti Verna, tsohuwar malama, da Kelvin mai kula da na'ura. Kun san yadda abin yake. Kafin jarrabawa uwa ta jera makarantun da take so, wadda ba ta rubuta ba kuwa ɗanta ba zai samu ba, ko da ya fi kowa maki. Mai tuƙa tasi da mai sayar da gurasar roti duk shafin nan suke dubawa kafin su zaɓa, domin bai taɓa yi musu ƙarya ba.

Sai shekarar Sherifa ta zo. Uban ya ji tsoron makinta ba zai kai ba. Shaiɗan ya raɗa masa: rage mata abokan takara. Ya zauna ya rubuta a shafin game da makarantar kan tudu, "Wasu iyaye sun shaida mana..." Babu iyayen da suka shaida masa komai. Bai gaya wa abokan aikinsa ba, bai gaya wa matarsa ba.

To, a cikin fushin ranar nan bakinsa ya suɓuce: "Ƙarya ce, ni na ƙirƙiro ta!" Taga a buɗe, maƙwabciya tana shanya.

Kafin la'asar Kelvin ya kira shi. "Ranka ya daɗe gwanin shawara, ashe har gida ka yi ciniki? Na toshe maka hanyar shiga shafin."

Anti Verna ba ta zage shi ba. Ta ce, "Ɗana, da sunana iyaye suka yarda da kai." A makon suka rufe shafin. Nafeeza ta ɗauki Sherifa suka koma gidan mahaifiyarta.

Me ya samu? Wanda aka nemi shawararsa, amana aka ɗora masa. Kana tsammanin za ka zuba guba a rijiyar unguwa, gidanka ya sha ruwa mai kyau?

Kada ku zaci an gama. Yana zaune shi kaɗai wata mota ta tsaya a ƙofa. Wata dattijuwa da bai sani ba ta fito, lauya yana biye da ita.

"Ni ce shugabar makarantar kan tudu. Zo ka nuna mini katangar."

Allah ya kiyaye mu daga cin amanar wanda ya tambaye mu hanya. Amin.